Siminti Ba Tsafi Ba Ne

Wata wauta ta shiga kan waɗansu masu gini a ƙasar Sabon Birni da Isa, watau zaton duk abin da siminti ya taɓa ya zama dutse. Sai mutum ya cika yashi, ya rage rodi, wai shi mai dabara.

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, masu koyon zanen gini suna karatu cikin ginin kankare. Lissafi ne ke riƙe da shi. Kankare yana jure danniya, amma in aka ja shi sai ya tsage. Rodi ke ɗaukar jan. Sanannen awo shi ne kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. A shayar da shi kwana 7, ƙarfinsa kuwa sai kwana 28 yake cika.

Maginan Gobir na dā ma sun san iyakar azara, ba su ƙetare ta. Wanda ya ha'inci awo a ginin makaranta, 'ya'yan jama'a ya haƙa wa kabari. Araha ba ta ado.