Ƙwayoyin cutar da iska ke kashewa kafin a gan su

Sau da yawa akan kai mugunya mai wari ɗakin gwaji, sakamako ya dawo wai babu ƙwayar cuta, alhali mara lafiya na ta zazzaɓi. Dalili kuwa, akwai ƙwayoyin da iskar oksijin ke kashewa ko ta hana su girma, irin su Bacteroides fragilis da ke tara mugunya a ciki, da Clostridium perfringens mai ruɓar da rauni. Idan an dangwalo samfur da auduga aka bar shi a sarari, wasunsu kan mutu kafin a kai shi. Dabarar raya su tsohuwa ce: tun lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Muriel Robertson ta haɗa romon dafaffen nama da suke tsira a ciki, McIntosh da Fildes kuma suka ƙera tulun da ake cire wa oksijin a 1916. Abin da ake buƙata shi ne a zuƙo mugunya da sirinji, a shuka ta a faranti mai jini, a rufe shi a tulun awa 48. A ganina, babban asibitin da ke fiɗa amma ya rasa wannan kaya, lalube yake cikin duhu, yana rubuta maganin Flagyl bisa zato. Ya kamata masu kasafin lafiya su saye su.