Natsuwar Shaihu Umar da yaran yammacin Zamfara

Cikin littattafan da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, babu wanda ya dace da halin da yammacin Zamfara ke ciki kamar Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarin yaro ne ɗan Kagara da aka sace yana ƙarami, daga baya ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetara hamada da shi zuwa Ber Kufa.

Can Umar ya yi karatu, ya zama limami abin girmamawa. Amma ilimi da daraja ba su kashe masa ƙishin uwarsa ba. Da ya yi mafarkinta, sai barci ya ƙaurace masa, ya kama hanya. Ita ma ta baro gida nemansa har bauta ta rutsa da ita. Suka sadu a Tarabulus tana kwance ba lafiya, ba ta daɗe ba ta cika. Bayan wannan ne ya zauna a Rauta yana karantarwa, zuciyarsa a kwance.

Mu kan ɗauki littafin nan a matsayin wa'azin haƙuri kawai. Ni kuwa ina ganin darasinsa ya fi haka zurfi: Umar bai sami natsuwa ta hanyar mantuwa ba. Sai da ya bi sawun abin da ya rasa, ya gan shi ido da ido, ya yi kukansa, sannan ya miƙa wa Allah lamarin.

Mutanen Anka, Gummi da Bukkuyum sun san irin wannan rashi. A 2010 gubar dalma ta wuraren haƙar zinari ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan yankin, kuma Sunke na cikin garuruwan da sai da aka kwashe ƙasar tsakar gidajensu. Daga baya 'yan bindiga suka zo da nasu. Yaro zai dawo daga daji bayan an sayar da gona da shanun huɗa an biya kuɗin fansa, a yi barka kwana uku, a ce masa ya manta, ya wuce. Shi kuwa babur ya gifta sai ya zabura, tuwo ya huce a gabansa bai taɓa ba.

Haƙuri ibada ne, amma mai haƙuri ma yana bukatar kunnen da zai saurare shi. Annabi Yaƙubu ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari, bai kuwa fita daga sahun masu haƙuri ba.

Saboda haka, malamanmu na zaure da na Islamiyya, ku zauna da yaran nan, ku bar su su faɗi abin da suka gani kafin ku ba su rubutun sha. Iyaye, kada kunyar surutun gari ta sa ku ɓoye 'yar da ta dawo. Gwamnatin Zamfara kuma ta mayar da su aji, ta kai masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa asibitocin ƙananan hukumomin nan uku. Yaron da aka bari da ƙuna a ciki, wata rana daji zai yi masa tayin ramuwa.