Kofin Sudirman: Abin da ya sa Sin ke rinjaye, da gurbi ɗaya tak da aka bar wa Afirka

A ranar Lahadi 4 ga watan Mayun 2025, a birnin Xiamen da ke kudu maso gabashin ƙasar Sin, tawagar masu masaukin baƙi ta doke Koriya ta Kudu da ci 3 da 1, ta ɗaga Kofin Sudirman karo na 14. Sau 19 ke nan ana yin wannan gasa ta badminton tun daga 1989, kuma ƙasashe uku kaɗai suka taɓa lashe ta: Sin sau 14, Koriya ta Kudu sau 4, Indunusiya sau 1. Ƙasashe 16 ne suka halarci gasar ta Xiamen, kuma maƙwabciyarmu Aljeriya ce ta wakilci dukkan nahiyar Afirka. Ba ta wuce matakin rukuni ba.

Sakamakon ya sake tayar da tambayoyi biyu da suka daɗe suna yawo a tsakanin masu bin wannan wasa. Ta farko, me ya sa ƙasa ɗaya ke mamaye gasar alhali manyan zakarun duniya sun watsu a ƙasashe da dama? Ta biyu, wace riba ƙananan ƙasashe ke samu a gasar da ake ƙara tsuke mata ƙofa?

Yadda ake gasar

Badminton wasa ne da ake yi da raket mara nauyi da ƙwallon gashi, wadda ake haɗawa da gashin dinya ko na agwagwa guda 16, nauyinta kuma bai wuce giram 5 da ɗan ɗoriya ba. Filin yana da tsawon mita 13.4, ana ɗaura raga a tsakiya mai tsayin mita 1.55. Kowane turmi ana zuwa maki 21, wanda ya ci turmi biyu cikin uku shi ya yi nasara.

A fagen tawagogin ƙasashe akwai manyan kofuna uku. Kofin Thomas na maza ne zalla, Kofin Uber na mata ne zalla, Kofin Sudirman kuwa ya haɗa su wuri ɗaya. Duk karawa tsakanin ƙasa da ƙasa tana da wasanni biyar: namiji da namiji, mace da mace, maza bibbiyu, mata bibbiyu, sai gamin mace da namiji a kowane gefe. A matakin rukuni ana buga dukkan biyar ɗin, amma daga matakin sili-ɗaya-ƙwale duk wanda ya riga cin uku ya wuce. Ana yin gasar duk bayan shekara biyu a ƙarƙashin Hukumar Badminton ta Duniya, BWF, mai hedikwata a Kuala Lumpur. Babu kyautar kuɗi a cikinta. Abin da ɗan wasa ke komawa gida da shi shi ne makin matsayinsa a duniya da kuma sunan ƙasarsa.

Sunan kofin ya samo asali ne daga Dick Sudirman, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa hukumar badminton ta Indunusiya a 1951, wanda ya rasu a 1986. Tsayin kofin santimita 80 ne, an ƙera samansa da siffar tsohon wurin ibadar nan na Borobudur da ke tsibirin Java. A gasar farko da aka yi a Jakarta a 1989, Koriya ta Kudu ta shiga gaba da ci 2 da nema a wasan ƙarshe, sai wata yarinya ƴar shekara 18 mai suna Susi Susanti ta juya akalar karawar, Indunusiya ta ci 3 da 2. Tun daga ranar kofin bai sake komawa hannun ƙasar da ta samar da shi ba.

Gwani ɗaya, maki ɗaya

Lissafin gasar shi ne ke bayyana sirrin rinjayen Sin. Komai gwanintar ɗan wasan da ya ƙware a buga shi kaɗai, maki ɗaya yake kawo wa ƙasarsa, alhali ana bukatar uku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wasan ƙarshe na Xiamen ya nuna haka ƙarara. Koriya ta zo da An Se-young, wadda ta ci zinariya a gasar Olamfik ta Paris a 2024, kuma ta yi aikinta, ta doke Wang Zhiyi. Sai dai Sin ta kwashe sauran: Feng Yanzhe da Huang Dongping suka ci wasan gami, Shi Yuqi ya ci na maza, Liu Shengshu da Tan Ning suka rufe da na mata bibbiyu.

Wani abin lura shi ne Sin ta yi wannan nasara ba tare da Zheng Siwei da Huang Yaqiong ba, waɗanda suka ci mata zinariyar wasan gami a Paris sannan suka bar tawagar ƙasa. A wata ƙasar, tafiyar irin waɗannan zakaru kan bar giɓin da ake shekaru ba a cike ba. A Sin kuwa, waɗanda suka gaje su sun riga sun kai sahun gaba a duniya.

Wannan yalwa tana da tushe. Larduna na da makarantun wasanni da tawagogi nasu, yaro kan shiga tun yana ƙarami, ana tace su mataki-mataki har zuwa tawagar ƙasa, kuma hukuma ce ke ɗaukar nauyin horo da abinci da magani. Wanda ya tsallake wannan rariya ya riga ya sha karawa da gwanaye tun a gida. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, Sin ta kwashe dukkan zinariya biyar na badminton. A Paris biyu ta samu, abin da ke nuna cewa sauran ƙasashe sun matso kusa a fannoni ɗaiɗai. Amma matsowa a fanni ɗaya ba ta isa a gasar da ke auna fannoni biyar a yini guda.

Tarihi ma ya yi nasa abin mamaki a nan. Ƴan asalin Sin da aka haifa a Indunusiya ne suka koma gida da ƙwarewar wasan a shekarun 1950 da 1960, cikinsu har da Wang Wenjiao, wanda ya jagoranci tawagar Sin lokacin da ta fara cin Kofin Thomas a 1982. Shi kansa Dick Sudirman yana cikin waɗanda suka yi faɗi-tashi wajen ɗinke ɓarakar da ta raba hukumomin wasan gida biyu, sulhun da ya buɗe wa Sin ƙofar shiga manyan gasanni a 1981.

Akwai kuma batun masauki. Sin ta karɓi baƙuncin gasar sau bakwai, a 2005, 2009, 2011, 2015, 2019, 2023 da 2025, kuma duk bakwai ɗin ita ta lashe. Ko ta 2021 da aka yi a Vantaa ta ƙasar Finlan, a birnin Suzhou aka tsara yin ta kafin annobar korona ta tilasta sauya wuri. Kuɗin tallace-tallace da yawan ƴan kallo ne ke jan BWF zuwa can, sai dai hakan na ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi.

Duk da haka Sin ba ta fi ƙarfin faɗuwa ba. A Suzhou a 2023, Japan ta kai ta bakin rami a wasan kusa da na ƙarshe: tana gaba da ci 2 da 1, ƴan wasanta maza bibbiyu kuma suna da maki 20 da 16 a turmin ƙarshe. Liu Yuchen da Ou Xuanyi suka ci maki shida a jere, Sin ta tsira, ta je ta ɗauki kofin.

Mata ne ke riƙe da makullin

Uku daga cikin wasanni biyar na kowace karawa akwai mata a cikinsu. Ƙasar da ta zuba dukiyarta kan maza kaɗai tana shiga fili ne da maki biyu kawai a lissafinta, ko da mazan nata sun fi kowa.

Misalan suna da yawa. Indunusiya ta ci Kofin Thomas sau 14, fiye da kowace ƙasa, amma Kofin Uber na mata rabonta da shi tun 1996, kuma rabonta da wasan ƙarshe na Sudirman tun 2007. Maleziya ta yi shekaru tana taƙama da Lee Chong Wei, wanda ya daɗe a matsayi na ɗaya a duniya, amma ba ta taɓa kai wa wasan ƙarshe ba. Indiya ta girgiza duniya da cin Kofin Thomas a 2022, sai ga shi a Xiamen an fitar da ita tun a rukuni. Daga wajen Asiya, Danmak ce kaɗai ta taɓa kai wa wasan ƙarshe, a 1999 da 2011, kuma duka biyun Sin ta doke ta.

Koriya ta Kudu ce ta nuna ɗaya fuskar. A 2017 a Gold Coast ta Ostireliya, ta doke Sin da ci 3 da 2 bayan ta sha kashi a wasannin maza biyu. Makinta uku sun fito ne daga wasan mace da mace, da na mata bibbiyu, da na gami. Wannan shi ne karo na ƙarshe da wata ƙasa ta ƙwace kofin daga hannun Sin.

Koriyar kuma ita ce ta nuna cewa tsarin da ke samar da zakaru yana iya danne su. Jim kaɗan bayan ta ci zinariya a Paris, An Se-young ta fito fili ta soki hukumar badminton ta ƙasarta kan yadda aka kula da raunin da ta ji a gwiwa da kuma yadda ake tafiyar da tawagar ƙasa. Ma'aikatar wasanni ta buɗe bincike, ta nemi a sassauta dokokin da suka ɗaure ƴan wasa, ciki har da tilasta musu amfani da kayan kamfanin da ke ɗaukar nauyin hukumar. A farkon 2025 tsohon zakara Kim Dong-moon ya zama shugaban hukumar, aka kuma dawo da Park Joo-bong, wanda ya shafe kusan shekara 20 yana horas da Japan, ya karɓi tawagar daf da gasar Xiamen. Kai wa wasan ƙarshe a cikin wannan hali alama ce cewa gyaran bai karya tawagar ba.

Ina Afirka ta tsaya?

A da, gasar Sudirman a buɗe take ga kowa. Ana kasa ƙasashe aji-aji gwargwadon ƙarfinsu, wadda ta yi fice a ajinta ta hau na sama. A 1997 a Glasgow ƙasashe sama da 50 suka halarta, a 2019 kuma sama da 30. Daga 2021 aka taƙaita ta zuwa ƙasashe 16, Afirka ta tashi da gurbi ɗaya. Masar ce ta riƙe shi a 2023, Aljeriya a 2025 bayan ta zama zakaran nahiyar.

Masu goyon bayan sabon tsarin na cewa ya rage kuɗin shiryawa, ya kuma sa gasar ta fi daɗin kallo a talabijin. Akwai gaskiya a ciki. Amma ga ƙasashe masu tasowa an yi asara biyu. Zakaran Afirka na faɗawa rukuni ɗaya da manyan ƙasashe, kamar yadda Aljeriya ta haɗu da Sin da Tailan da Hong Kong, ya buga karawa uku ya koma gida. Sauran ƙasashen nahiyar kuwa sun rasa damar karawa da tsararrakinsu na Turai da Amurka da Asiya, alhali a irin wannan karawa ce ɗan wasa ke gane inda yake da rauni.

Ba a rasa gwanaye a nahiyar ba. Anuoluwapo Opeyori na Najeriya ya ci kambun Afirka sau da dama, ya kuma riƙe tutar ƙasarsa a bikin buɗe gasar Paris. Koceila Mammeri da ƴar uwarsa Tanina sun wakilci Aljeriya a wasan gami a can. Mariam Eniola Bolaji ta Najeriya ta ci tagulla a gasar naƙasassu ta Paris, lambar farko da Afirka ta samu a badminton a wannan mataki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tawaga cikakkiya mai maza da mata a fannoni biyar.

Cikas ɗin kuma a bayyane yake. Ƙwallon da nauyinta bai wuce giram 5 da ɗan ɗoriya ba, iska kaɗan ke kwashe ta, don haka wasan gasa na bukatar rufaffen zaure, abin da ke da wuya a yawancin garuruwan Sahel. Ƙwallon gashi ba ta jure dogon bugu, kuma tun daga 2024 farashinta ya yi tashin gwauron zabo saboda raguwar kiwon dinya da agwagwa a Sin, inda ake samun mafi yawan gashin, ga kuma ƙaruwar masu wasan. Ƙungiyar da ke lissafin kowane dala ita ce ta fi jin wannan a jikinta. BWF ta fito da wani nau'in wasan na sarari a 2019, mai suna AirBadminton, da ƙwallon roba da ta fi jure iska, tana kuma da shirin Shuttle Time na koyar da wasan a makarantu. Waɗannan na iya shigo da yara cikin wasan, amma ba za su maye gurbin zaure da mai horaswa da tafiye-tafiyen gasa ba.

Kafin gasar 2027, abin da ya kamata hukumomin badminton na Afirka su nema a zauren BWF shi ne dawo da aji na biyu, inda ƙasashe masu ƙarfi ɗaya za su kara da juna, wadda ta yi fice ta hau sama. A cikin gida kuma, duk hukumar da ke son ganin tutarta a wannan gasa sai ta ba ƴan mata kaso daidai da na maza wajen horo da kayan wasa da kuɗin tafiya, domin uku daga cikin maki biyar ta hannunsu suke bi.