Aubameyang da Ecuele Manga: wanda ya ci moriyar ganga kada ya yada kwaurenta

Da yammacin ranar 31 ga Disamba 2025, a birnin Marrakech na Maroko, Panthères sun fara jefa wa Kwaddibuwa ƙwallo biyu, amma aka tashi wasa an ci su uku da biyu. Shi ne wasa na uku da Gabon ta sha kashi a gasar cin kofin Afirka, bayan Kamaru ta ci ta ɗaya da nema, Mozambik kuma uku da biyu, nasarar farko da Mozambik ɗin ta taɓa samu a tarihin gasar. Ba a kwana ba sai ga muƙaddashin ministan wasanni, Simplice-Désiré Mamboula, a talabijin yana karanta hukunci: an rusa tawagar masu horarwa ta Thierry Mouyouma, an dakatar da ƙungiyar ƙasa sai abin da hali ya yi, an kuma ware mutum biyu da suna, Pierre-Emerick Aubameyang da Bruno Ecuele Manga, aka ce a ajiye su gefe.

Kafin mako biyu ya cika gwamnati ta janye hukuncin, a lokacin sabon minista Paul Ulrich Kessany, wanda shi kansa tsohon ɗan wasan Panthères ne. Dalilin a fili yake: wasannin neman shiga gasar 2027 suna tafe, kuma dokar FIFA ta hana gwamnati tsoma hannu a harkar hukumar ƙwallo. To an janye ɗin, amma magana zarar bunu ce. Abin da ya fi damuna ba sanarwar minista ba ce, tafin da da yawa daga cikinmu suka yi mata ne, a gidajen kallon ƙwallo da zaurukan WhatsApp da rumfunan kasuwar Mont-Bouët.

Mu fara da tambayar su waye mutanen nan biyu. Ecuele Manga shi ne wanda ya fi kowa yawan buga wa Gabon wasa, ya haura ɗari, ya shafe kusan shekara ashirin yana tsaron baya, daga Lorient zuwa Cardiff zuwa Dijon yana dawowa duk lokacin da aka kira shi. Aubameyang kuwa babu ɗan Gabon da ya kai shi cin ƙwallo. A Faransa aka haife shi, ya taɓa buga wa matasan Faransa 'yan ƙasa da shekara 21, mahaifiyarsa kuma asalinta Sifaniya, wato ƙofofi a buɗe suke gare shi. Amma a 2009 ya zaɓi rigar da mahaifinsa ya sa, ya kuma ci ƙwallo a wasansa na farko da Maroko. A 2015 ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka, abin da wani ɗan Gabon bai taɓa yi ba. A Nuwamban 2020 da shi aka kwana a ƙasan siminti a filin jirgin saman Banjul, har hukumar CAF ta ci shi tarar dala 10,000 don ya yaɗa hotunan. A Oktoban 2025, ƙasa da wata uku kafin a kira sunansa a talabijin, shi kaɗai ya ci wa Gabon ƙwallo huɗu a wasan da ta doke Gambiya huɗu da uku, yana da shekara 36.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Za a ce kuɗin talakawa ake kashewa a kan ƙungiyar nan, a ƙasar da mutanen unguwanni da dama ke fama da ɗaukewar wuta da ruwa. Za a ce Aubameyang ba waliyyi ba ne: ya sha rigima da hukumar FEGAFOOT, ya ce ya yi ritaya a 2022 sannan ya dawo a 2023, kuma a Maroko ma ya koma Marseille kafin wasan ƙarshe saboda ciwon cinya. Duk wannan gaskiya ne, kuma mai goyon baya yana da haƙƙin yin fushi. Mai horarwa yana da ikon ce wa dattijon ɗan wasa lokacinka ya wuce, ba wanda zai ce uffan, haka ƙwallo take. Amma ajiye ɗan wasa daban, tozarta shi daban. Ajiyewa hukuncin fili ne, mai horarwa ke yanke shi bisa abin da ƙafa za ta iya. Tozartawa kuwa ita ce a ɗauki gazawar tsari gaba ɗaya a ɗora wa mutum biyu, don jama'a su samu wanda za su zaga su huce.

Kuma gazawar tsarin ba ɓoyayya ba ce. Gasar National-Foot ta shafe shekaru tana tsayawa tana tashi, tun daga lokacin korona har aka yi dogon zango ba a buga ta ba. Ƙungiyar 'yan wasa ta ANFPG ta daɗe tana kuka a kan albashin da ba a biya ba. Ƙasar da gasarta ta cikin gida ba ta gudana yadda ya kamata dole ta jingina da mai shekara 36 da mai shekara 37, don babu inda magada za su fito. A 2011 matasan Gabon 'yan ƙasa da shekara 23 sun ci kofin Afirka a Maroko, suka je gasar Olamfik ta Landan a 2012. Wace gona aka sake nomawa tun daga wancan lokacin? Idan rijiya ta ƙafe, ai ba guga ake duka ba.

Abin mamaki, darasin girmama 'yan wasan baya a bakin tekunmu aka koyar da shi. Ranar 27 ga Afrilu 1993, jirgin sojan saman Zambiya da ke ɗauke da ƙungiyar ƙasar zuwa Dakar don wasa da Senegal ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Libreville. Mutum 30 ne a ciki, 18 daga cikinsu 'yan wasa, ba wanda ya tsira. Zambiya ta binne su a gefen filin wasa na Independence da ke Lusaka, inda duk mai zuwa kallo zai ga kaburburan. Kalusha Bwalya, wanda ba ya cikin jirgin saboda daga Turai zai taso, ya jagoranci sabuwar ƙungiya har wasan ƙarshe na gasar 1994, inda Najeriya ta ci su biyu da ɗaya. Bayan shekara 19, a 2012, ƙaddara ta dawo da Zambiya Libreville don wasan ƙarshe, Kalusha yana shugaban hukumar ƙwallonsu. Kafin wasan 'yan wasan suka tafi bakin teku kusa da inda jirgin ya faɗi, suka tuna da magabatansu bisa al'adarsu. Ranar 12 ga Fabrairu, a filin Angondjé, suka doke Kwaddibuwa ta su Drogba takwas da bakwai a bugun fanareti. Yawancin yaran da suka ɗaga kofin nan ƙanana ne ƙwarai a 1993, amma ƙasarsu ba ta bari sun manta ba.

Kwana bakwai kafin wannan wasa, a filin nan dai, Aubameyang ya ɓarar da fanareti a wasan daf da na kusa da ƙarshe da Mali, ya fashe da kuka, mahaifinsa ya rungume shi ya fitar da shi. A ranar mutane tausayinsa suka ji, saboda yaro ne mai shekara 22 kuma ana hangen moriyarsa a gaba. A yau da moriyar ta kusa ƙarewa, tausayin ma ya ƙare. Wannan shi ake kira cin moriyar ganga a yada kwaurenta.

Kada 'yan uwana masu asali daga Najeriya su yi dariya, don ciwon ɗaya ne. 'Yan wasan Super Eagles da suka ci kofin 1994 an yi musu alƙawarin gidaje, amma sai a 2021 shugaba Buhari ya amince a ba waɗanda ba su samu ba. Kafin nan Uche Okafor da Rashidi Yekini da Thompson Oliha da Wilfred Agbonavbare da Stephen Keshi duk sun rasu. Yekini, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar duniya, ya ƙare rayuwarsa a 2012 cikin kaɗaici da rashin lafiya. A ɗaya ɓangaren kuma akwai misali mai kyau a Kano. Lokacin da Kano Pillars ta faɗa rukuni na biyu a 2022, masu cewa sai masu gida ba su watse ba, ƙungiyar ta dawo a shekara ta gaba, kuma Ahmed Musa ya koma ya sa rigarta har sau biyu, a 2021 da 2024. Ɗan wasa yana komawa inda ya san ana ganin darajarsa ko da ƙafa ta yi sanyi.

A nan ne maganar ta wuce Aubameyang. Shi fa ba ya buƙatar sisin kowa, kuma tarihinsa a Dortmund da Arsenal ba minista ne zai goge shi ba. Waɗanda ke kallo su ne yaran da aka haifa a Faransa ko Beljiyam masu uba ko uwa 'yan Gabon, irin su Denis Bouanga a jiya, waɗanda gobe za a je ana roƙonsu su zo. Me za a faɗa musu, bayan sun ga abin da aka yi wa wanda ya fi kowa? Sannan akwai waɗanda ba su taɓa samun kuɗin Turai ba, tsoffin 'yan wasan FC 105 da USM da Mangasport da Mounana, da 'yan Azingo National da suka kai Gabon zagayen daf da na kusa da ƙarshe a Afirka ta Kudu a 1996. Yaro nawa a Nzeng-Ayong ko Lalala zai iya kawo sunan mutum uku daga cikinsu? Amma tambaye shi 'yan benci na Real Madrid, sai ya zayyano maka su tas.

Akwai kuma waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Moïse Brou Apanga a Kwaddibuwa aka haife shi, ya zama ɗan Gabon, ya buga mata gasar Afirka ta 2010 da ta 2012, ya yanke jiki ya faɗi a wajen atisayen FC 105 a Afrilun 2017 yana da shekara 35. Aaron Boupendza ya rasu a ƙasar Sin a Afrilun 2025 yana da shekara 28. An yi jimami na kwanaki, aka wuce. Labarin Brou Apanga ya kamata ya tsaya mana a rai mu Hausawan Gabon, daga na Oyem da Bitam da kakanninsu suka kafu tun da daɗewa har na Libreville da suka zo daga Maraɗi ko Garwa ko Kano. Mun san yadda ake ce wa mutum ɗan ƙasa ranar da ake amfana da shi, ranar da abu ya ɓaci kuma a tuna masa da asalinsa. Wanda ya san zafin wannan bai kamata ya zama na gaba wajen jifa ba.

Ranar 13 ga Nuwamba 2025 da Najeriya ta ci Gabon huɗu da ɗaya a Rabat bayan ƙarin lokaci, gidaje da yawa sun rabu biyu, uba yana bayan Osimhen, ɗa yana tsalle da Mario Lemina ya farke. Ni ban ga laifi a nan ba. Sai dai iyaye su lura: yaron da aka haifa a Akébé, Panthères ce ƙungiyarsa, kuma yadda ya ji muna magana a kan dattawanta haka zai koyi magana a kan dattawa gaba ɗaya.

To me ya kamata a yi? Na farko, hukumar FEGAFOOT ta shirya wa Ecuele Manga da Aubameyang wasan bankwana a Libreville a duk ranar da suka ajiye rigar, a gayyato tsoffin 'yan wasa tun daga na 1994 da 1996, a sa kuɗin ƙofa a asusun kula da lafiyar tsoffin 'yan wasan gida da iyalan waɗanda suka rasu. Na biyu, gwajin zuciya ya zama sharaɗin yi wa kowane ɗan wasa rajista, a kuma ajiye na'urar farfaɗo da zuciya a kowane fili, don mutuwar Brou Apanga da ta Marc-Vivien Foé na Kamaru a 2003 su zama izina. Na uku, gasar gida ta samu kalanda tsayayya da albashin da ake biya a kan lokaci, domin ba a girmama tsohon ɗan wasa da lambar yabo alhali yana bin bashin wata goma.

Mu kuma namu rabon ba ya jiran minista. Mu ba mutanen gunki da mutum-mutumi ba ne, addininmu bai koya mana haka ba. Abin da ya koya mana shi ne kiyaye alheri, da duba marar lafiya, da riƙon maraya da matar da mijinta ya rasu, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba in dai maƙwabci ne. Ƙungiyoyin matasanmu da ke shirya gasar unguwa bayan sallah suna iya gayyato tsohon ɗan wasan gida ya miƙa kofi, a zaunar da shi a gaba, a faɗa wa yara ko shi waye. 'Yan kasuwarmu da ke biyan kuɗin Canal+ duk wata suna iya sayen tikiti goma na wasan National-Foot su raba wa yaran shago. Kuɗin bai kai na buhun shinkafa ba, amma da irinsa fili ke cika, kuma ɗan wasan da ya saba ganin fili cike shi ne wanda ba zai ji tsoron tsufa a rigar ƙasarsa ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kuma sa mu zama masu tuna alheri.