Gonar Gado Ko Gonar Gwamna?

Ya 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, in aka bi salsala, yawancinmu da muke zaune a ɗakunan lacca da ofisoshin gwamnati, da kuɗin gyaɗa da auduga da dawa aka kai mu makaranta. Saboda haka maganar ƙasa ba baƙuwarmu ba ce. Kowannenmu ya san ƙauyen da aka wayi gari safiyo ya shigo da ma'aikatansa, suka kafa turaku a tsakiyar gonakin mutane, dagaci ya ce umarni ne daga sama, kafin damina ta zagayo katafila ta share kunyoyin da aka gada tun kaka da kakanni. In mai gona ya ɗaga murya sai a ce masa, ai ƙofar kotu a buɗe take. To, wannan ƙofa muke so mu leƙa yau, mu ga abin da ke bayanta.

Ranar da Lugga ya tsaya a Sakkwato cikin watan Maris na 1903, ya shaida wa mutane cewa duk ikon da sarakuna suke da shi a kan ƙasa ya koma hannun Turawa, domin sun ci ta da yaƙi. Dokar ƙasa ta 1910 da ta 1916 suka ɗora ikon a hannun Gwamnan mulkin mallaka. Aka sami 'yancin kai, sai dokar Jihar Arewa ta 1962 ta miƙa shi ga Minista. Daga nan, ran 29 ga Maris 1978, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, ta shimfiɗa wannan tsari a Nijeriya baki ɗaya. Rigar ce kawai take sakewa, amma tun 1903 ba a taɓa tambayar mai fartanya ra'ayinsa ba.

Sashe na 1 na dokar 1978 ya ce ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita amana domin amfanin 'yan Nijeriya duka. Kalmar amana tana da daɗin ji, amma a al'adarmu da addininmu mai riƙon amana ana tuhumarsa, kuma mai kaya yana iya karɓar kayansa. A nan kuwa sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke haƙƙin kowa a kan filinsa in ya ce buƙatar jama'a ta taso. Sashe na 29 kuma ya tsara diyya a kan abin da ke bisa ƙasar, wato gini da amfanin gona da itatuwa, ita ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Sai a ƙirga wa mutum ɗorawa biyu da kuka ɗaya da dawar bana, a ba shi kuɗin da ba zai kai shi kakar baɗi ba, alhali abin da aka raba shi da shi shi ne abincin 'ya'yansa da jikokinsa. Bayan 'yan shekaru a yanka gonar fuloti-fuloti, a sayar da guda ɗaya a kan ninkin-ba-ninkin abin da aka biya shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda yake zaton muna zuzuta magana, to, ya tuna da Bakolori. An gina wannan madatsar ruwa a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, daga 1974 zuwa 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Ruwa ya cinye garuruwa da fadamu, aka tashi dubban mutane, aka hana wasu noma shekara da shekaru ana gyaran filaye, diyya kuwa ta zama sai gobe, sai jibi. Da manoma suka gaji suka tare hanyoyin aikin, amsar da suka samu cikin watan Afrilu na 1980 ita ce 'yan sandan kwantar da tarzoma da harsashi da ƙona gidaje. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na mamata, mutanen wurin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Wannan fa ya faru a zamanin farar hula, a ƙarƙashin Tsarin Mulki mai babi guda a kan haƙƙin ɗan'adam.

Gaskiya ɗaya ce, ba za mu ce kotuna ba su taɓa tsaya wa mai ƙaramin ƙarfi ba. Sashe na 47 na dokar ya hana kotu duba ko diyyar da aka biya ta wadatar, amma a 1986, a shari'ar Kanada da Gwamnan Jihar Kaduna, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce wannan hani ya saɓa wa Tsarin Mulki. A 1990, a shari'ar Ogunleye da Oni, Kotun Ƙoli ta nuna cewa takardar mallakar fili ba ta isa ta shafe haƙƙin wanda ya riga ya mallaki wurin ba. A 1991, a shari'ar Osho, ta tabbatar cewa ba a soke haƙƙin mutum ba tare da an sanar da shi ba, kuma ƙwace filin wani a bai wa wani ɗan kasuwa ba shi ne buƙatar jama'a ba. Daɗin daɗawa, sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta biyan diyya cikin hanzari, ya kuma bai wa mai fili damar zuwa kotu.

To, amma manomi nawa ne suka san da waɗannan hukunce-hukunce? An rubuta su da Turanci, an killace su cikin littattafan lauyoyi. In filin da ake jayayya a kansa Gwamna ne ya ba da takardarsa, sashe na 39 ya ce Babbar Kotu kaɗai ke da hurumi, ba kotun alƙalin da ke kusa da ƙauye ba. Sai mutum ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota zuwa babban birni, ya sayar da sa ya ɗauki lauya, ya tsaya ana magana a kan gonarsa da harshen da ba ya ji sai ta bakin tafinta. Yau lauyan gwamnati bai zo ba, gobe an yi wa alƙali canjin wurin aiki, jibi a kawo suka a kan hurumi, a ɗaukaka ƙara a kanta kafin ma a taɓa ainihin magana. Shari'ar fili ta Ariori da Elemo an shigar da ita a Legas a 1960, sai a 1983 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a koma a sake ta daga farko. Wane tsoho ne zai rayu ya ga ƙarshen irin wannan? Kafin nan an yi bene a gonar, shaidun da suka san iyaka kuwa suna kabari.

Za a ce mana, ashe ba ku son hanya da asibiti da makaranta? Muna so ƙwarai, ita kanta wannan jami'a a kan gonakin mutane aka gina ta, ba mu manta ba. Abin da muka ƙi shi ne a ɗora wa talaka shi kaɗai kuɗin ci-gaban da kowa zai amfana da shi. Kuma muna tambaya, wace buƙatar jama'a ce ke cikin rukunin gidajen da ɗan ƙauyen ba zai shiga ba sai a matsayin maigadi?

Gyaran dokar ba abu ne mai sauƙi ba, domin sojoji sun cusa ta cikin Tsarin Mulkin 1979, aka maimaita a sashe na 315 na Tsarin 1999, ba a taɓa ta sai da amincewar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da na majalisun jihohi. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a 2009 a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma dokar ba ta motsa ba. Wane gwamna ne zai yarda a karɓe masa wuƙa da nama?

Duk da haka ga abin da muke nema. A biya diyyar ƙasar kanta bisa darajarta a kasuwa, kuma a biya kafin katafila ta shiga. A rubuta sanarwar karɓar fili da harshen mutanen wurin, a faɗi abin da za a yi da shi, in kuwa ba a yi ba a mayar wa masu shi. A yi wa gonakin gado rajista da araha a kowace ƙaramar hukuma. A sa wa shari'ar ƙasa wa'adi.

Sauran magana tamu ce. Cikinmu akwai safiyo da lauya da alƙali da jami'in ƙasa na gobe, wasunmu ma sun riga sun hau kujerun. Takardar soke fili ba ta sa wa kanta hannu, ɗan wani manomi ne yake buga ta, ɗan wani yake kai ta. Muna kira ga ƙungiyarmu ta haɗa ɗaliban sashen shari'a da na harsuna su fassara wannan doka da Hausa, mu ɗauke ta mu kai ƙauyukanmu lokacin hutu, mu karanta wa iyayenmu a ƙofar masallaci da dandali. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu kuwa da gumin manomi muka yi karatu.