Zoɓo na da amfani, amma kada ka sa Baba ya ajiye maganinsa

A gidaje da yawa, kai matashi ne mai riƙe da babbar waya. Duk bidiyon da ya faɗo a TikTok ko WhatsApp ana cewa ga ganyen da ke raba mutum da ciwon suga, kai ke kunna wa Baba da Inna. To ka san nauyin da ka ɗauka.

Gaskiya ne akwai wasu sinadarai a tsirrai da ake kira folifenol. Su ke ba zoɓo jan launinsa, kuma ana samun su a jar dawa, wake, zogale da ganyen shayi. Suna taimaka wa hanyoyin jini. Wannan ya shafi mai ciwon suga sosai, domin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki a kansa ya kai ninki biyu na sauran mutane.

A 2010, wani gwaji da aka yi da mutum 65 a Jami'ar Tufts ta Amurka ya nuna cewa waɗanda suka sha kofi 3 na shayin zoɓo kullum, tsawon mako 6, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7. Abin farin ciki ne. Amma saukar jini daban, warkewar ciwon suga daban. Babu zoɓon da zai maye gurbin metformin ko insulin.

Sannan dubi zoɓon namu na ƙulli. An zabga masa suga har ya koma kamar alewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin ƙananan cokula 12 na suga a yini, mai lafiya ma ke nan.

Mu daga Ƙanƙara zuwa Faskari da Sabuwa, dawa da wake a gonakinmu suke. Amma sai mu sayar, mu sayo lemon kwalba da farin burodi, wai mu wayayyu.

Don Allah, ki dafa wa Inna zoɓo da citta da kanumfari, ba suga. Ka raka Baba asibiti a auna masa suga da jini, ka gaya wa likita abin da yake sha a gida. In wani ya turo bidiyon da ke cewa a daina shan magani, kada ka tura wa kowa.