Makadamiya Ba Ta San Farashi Ba

Tsadar makadamiya ta ja manoma da dama a Kenya da Afirka ta Kudu ga dashenta, sai dai bishiyar yanayi take bi. Asalinta gabashin Ostireliya ne, kuma ta fi samun sukuni tsakanin digiri 20 da 25 a ma'aunin Salshiyas. Sai dare ya yi sanyi take fure. Idan zafi ya zarce digiri 35, sabon ganye kan ƙone, ƙananan 'ya'ya su zube, waɗanda suka tsira kuma ƙwayarsu ta kasa tara mai. Shi ya sa gonakinta a Kenya suka taru a tuddan Murang'a, Embu da Meru.

Babban haɗarin yana ga tsawon jira. Mai masara, idan damina ta ƙi, baɗi sai ya sauya iri. Mai makadamiya kuwa kan jira shekara 4 zuwa 5 kafin girbin farko, kimanin 10 kafin bishiyar ta kankama. Ke nan dashen bana caca ce a kan zafin shekaru 20 masu zuwa. Duk hukumar da ta raba wa ƙaramin manomi dashe a ƙasa mai zafi, ba tare da duba alƙaluman yanayin yankin ba, bashi ta ɗora masa.